Kafin a raba wa 'yan aji ɗaya kwamfutar hannu, a fara ba su littafi

Rubutun nan da ɗan tsawo, sai an yi haƙuri. Da mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa nake magana musamman, amma duk mai ƙaramin yaro a firamare abin ya shafe shi.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisunmu da kuma nan Facebook, wai yaran yanzu 'yan zamani ne, littafin takarda ya zama tsohon yayi, a ba su kwamfutar hannu kawai su yi karatu a ciki. Matasa na ta kira ga wakilanmu na majalisa su kawo aikin mazaɓa na raba kwamfuta a firamare. Makarantar kuɗi za ta liƙa hoton 'yan rabin aji riƙe da na'ura a allon tallarta, sai ta ƙara kuɗin zango. Uba kuma zai sayar da buhun masara ya saya wa ɗansa mai shekara biyar 'yar kwamfutar yara, zuciyarsa fes, yana ganin ilimi ya saya masa. Na yarda duk niyyar alheri ce. Amma ni ga inda na tsaya: daga rabin aji zuwa aji uku, shekarun da yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali, duk nairar da za a kashe gara a kashe ta wajen sa littafin Hausa na takarda a hannun kowane yaro, da samar da babban da zai zauna ya karanta tare da shi. Na'ura tana da wurinta, kuma zan faɗi wurin a gaba.

Mu fara da halin da muke ciki. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma da bakinsa ya bayyana cewa miliyoyin yaranmu a ƙasa suke zaune suna ɗaukar darasi, akwai kuma ɗaruruwan makarantun da malami ɗaya ne ke riƙe da su kaf. Bankin Duniya a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Wanda duk ya taɓa shiga ajin firamare a ƙauyukanmu ya san ba sai Bankin Duniya ya gaya masa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Maris na 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa har da na Hausa. Wato maganar karatu a na'ura ta riga ta iso ƙofar gidanmu. Kuɗin kuma ba su da yawa. Abin da aka kashe wajen sayen na'ura, an hana shi wani wuri ke nan. Shi ya sa dole mu tambaya: wanne ne yake koya wa ƙaramin yaro karatu?

Masana sun yi wannan tambayar kafin mu. A 2021 wasu masu bincike uku a jami'ar Stavanger ta ƙasar Norwe suka tattara bincike 39 da aka yi a kan yara sama da 1,800, 'yan shekara ɗaya zuwa takwas, inda aka gwada karanta labari a takarda da karanta shi a na'ura. Abin da suka samu shi ne, idan labari ɗaya ne, bambancin kawai wannan a takarda wancan a gilashin na'ura, yaran da suka karanta a takarda sun fi fahimtar labarin. Sun kuma gano cewa ƙyale-ƙyalen da ake cusawa a littafin na'ura, irin su taɓa nan kaza ta yi kuka, taɓa can wasa ya fito, ɗauke hankalin yaro suke yi daga labarin. Don adalci, sun ce littafin na'urar da aka tsara da kyau, wanda motsinsa da sautinsa ke tafiya da labarin kansa, yana iya fin takarda. Sai dai mu tambayi kanmu, irin wannan littafin nawa ne ake da shi da Hausa, kuma shi ne ke cikin na'urorin da ake sayarwa a kasuwa?

A 2019 kuma likitocin yara a jami'ar Michigan ta Amurka suka ɗauki iyaye 37, kowanne da ɗansa mai shekara biyu zuwa uku, suka sa su karanta littafin takarda da na na'ura, ana ɗaukar su a bidiyo. Da littafin takarda iyaye da yara sun fi yin hira a kan labarin. Da na'ura kuwa hirar ta ragu, abin da ya rage ma wani kasonsa ya koma kan na'urar kanta, kar ka danna nan, bari in juya maka. Wannan shi ne bakin zaren. Ƙaramin yaro a bakin babba yake koyon karatu. Ka nuna masa hoton akuya ka ce mene ne wannan, ya ce akuya, ka ce ina za ta, me ya sa take gudu, irin ta gidan Kaka ce? A nan kalmomi ke shiga kansa, a nan yake gane cewa waɗannan baƙaƙen layukan magana ce aka ajiye. Littafin takarda ba ya yin komai da kansa, dole sai wani ya zauna da yaron. Ita kuwa na'ura, da ta fara waƙa sai babba ya ga an hutar da shi, ya tashi ya kama harkarsa.

Wani zai ce ai wannan binciken Turawa ne, yaransu daban namu daban. To mu dubi ƙasashen da suka fi kama da mu. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ta raba wa 'yan firamare, ta fara da na ƙauyuka, a shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. A 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara sama da 300. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na karatu da lissafi bai ɗaga ba.

Kenya ma, a 2013 aka yi gwaji a yankin Kisumu. Wasu makarantu aka ba kowane yaro na'urar karanta littafi, wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, wasu kuma jami'an da ke zagayawa suna duba malamai aka ba. Da aka auna, babu rukunin da ya yi wa shirin asali fintinkau, shirin asalin kuwa littattafan takarda ne da horar da malamai. Raba wa yara na'ura shi ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Da Kenya ta tashi faɗaɗa shirin koyon karatu zuwa duk ƙasa a 2015, wanda suka kira Tusome, littafi ta ba kowane yaro a aji ɗaya da aji biyu, kwamfutar hannu kuma ta ba jami'an sa ido.

Sai Suwidin, ƙasar da ba ta san ɗauke wuta ba, wadda ta kai na'ura har makarantun renon yara. Makin yaranta 'yan aji huɗu a gwajin karatu na duniya ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. A 2023 ministar makarantu Lotta Edholm ta taka wa shirin birki, gwamnati ta ware kurona miliyan 685 a shekarar don sayen littattafan takarda. Mutanen da suka riga mu shiga kogin ne suke ce mana da zurfi, mu kuma muna naɗe wando.

Yanzu mu dawo gida. Dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji yake, amma ku gaya mini firamare nawa ce a ƙauyukan da ke kewaye da shi take da wutar da za ta yi cajin na'ura hamsin kullum? Wanda ya saba bin hanya daga Kwanar Ɗangora ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya san wuraren da sabis ke ɗaukewa ɗif. Ga ƙurar hunturu, ga ajin da ba taga ba ƙofa, ga rufin da ke yoyo da damina. Idan gilashin na'ura ya fashe a Riruwai, wa zai gyara, da kuɗin wa? Hedimastan da ya san in ta ɓace shi za a tuhuma, kulle ta zai yi a ofis, a fito da ita ranar da baƙi za su zo. Ban ga laifinsa ba.

Littafi kuwa, ko ya yage ana karanta abin da ya rage. Yaro zai sa shi a jaka ya kai gida, ya karanta a gindin bishiya, ya tafi da shi kiwo. Ƙaninsa zai gani ya yi sha'awa, yayarsa da ke ƙaramar sakandare za ta zauna ta biya masa, uwar da ta yi makarantar yaƙi da jahilci ko Islamiyya za ta duba. Wayar gidan fa, in ma babba ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwar shinkafa a Tudun Wada ko yana gona sai magariba. Wanda yake ganin na cika baki, ya shiga Farm Centre ya tambayi kuɗin kwamfutar hannu guda ɗaya mai ɗan ƙwari, sannan ya wuce kasuwar Sabon Gari wajen masu littattafai ya ga littafin yara nawa kuɗin za su saya. Ya dawo ya ba mu lissafi a nan ƙasa.

Akwai kuma abin da muka gada wanda muke rainawa. Yaron makarantar allo da hannunsa yake rubuta harafi, da alƙalami da tawada, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. A 2012 masu bincike a jami'ar Indiana ta Amurka suka gwada yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Waɗanda suka rubuta haruffa da hannu, da aka sake nuna musu haruffan sai aka ga sassan ƙwaƙwalwar da ke aikin karatu sun motsa, abin da bai faru haka ba ga waɗanda suka danna su a kwamfuta. Alarammominmu sun daɗe a kan wannan hanya ba tare da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba. Abin kunya ne a ce ɗan aji ɗaya a boko ba shi da fensir da littafin rubutu, mu kuma muna neman a kawo masa abin dannawa.

Sai dai kar wani ya fahimce ni cewa da an sauke katan-katan na littattafai shi ke nan an gama. Littafi ma ana asararsa. A yammacin Kenya an taɓa raba littattafan karatu a makarantun karkara, da aka auna sai aka ga yara masu ƙoƙari tun asali ne kaɗai suka amfana, saboda littattafan da Turanci suke, sun fi ƙarfin yawancin yaran. A Saliyo kuma binciken Bankin Duniya na 2014 ya gano cewa yawancin littattafan da aka raba ajiye su shugabannin makarantu suka yi, don ba su da tabbacin yaushe za a sake kawo wasu. Wannan mun san shi a nan ma: kabad cike da littafi, gara na ci, yara na kwafar allo. Don haka littafin da nake nufi yana da sharuɗɗa. Ya zama da harshen da yaron ke ji, ya zama daidai da matakinsa, a bar shi ya tafi da shi gida, a kuma koya wa malami yadda zai yi aiki da shi. Inda yaran rugage suka fi yawa, a nemi na Fulfulde.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu da yayyenmu da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suka buɗe ido, kafin su kai ga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. A 'yan shekarun nan ma an yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara, duka da littattafan Hausa na 'yan ƙananan azuzuwa. A nan Kano an gwada shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, inda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya karantawa, a koya wa kowane rukuni daidai da shi. Kayan aikin suna nan, an riga an rubuta su. Bugawa da rabawa da sa ido ne suka rage.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce ta JAMB. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar, kuma kowa ya san yadda ɗan ƙauye ke zuwa cibiya hannunsa na rawa don bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ina goyon bayan a sa ɗakin kwamfuta mai sola a kowace sakandare daga Kiru har Doguwa. Amma a duba da kyau. Yaron da ya iya karatu, sati biyu ya ishe shi ya koyi danna A, B, C, D. Wanda bai iya karatu ba, ko shekara goma ya yi yana shafa gilashi, ranar jarrabawa tambayar ce ba zai gane ba. Ku dubi yadda yaro ɗan shekara huɗu ke buɗe waya ya nemo katun da kansa ba wanda ya koya masa. Danna na'ura ba wuya gare shi ba, karatu ne mai wuya, kuma shi ne in lokacinsa ya wuce kamo shi sai an sha wahala.

Ina kuma sane da yaran da na'ura ta zame musu rahama. Yaro makaho ko mai raunin gani, littafin da ke magana ko wanda ake ƙara wa girman rubutu ya fi masa takarda, kuma irin waɗannan a fara ba su kafin kowa. Lokacin kullen korona a 2020 ma rediyo da waya ne suka riƙe ɗan abin da aka riƙe na karatu.

To ina wurin na'urar a ajin 'yan ƙanana? A hannun malami. Ya saurari yadda ake furta sautin haruffa kafin ya shiga aji, ya sauke tsarin darasi, ya kalli yadda wani malamin ke koyarwa, jami'in sa ido kuma ya rubuta wa ya zo wa bai zo ba. Sannan akwai shafuka irin su African Storybook da ke da labaran yara da Hausa kyauta, da izinin kowa ya buga. Waya ɗaya da firinta ɗaya a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma sun isa su fitar da ƙananan littattafai ga makarantu da dama. Ka ga intanet ta yi mana aiki ke nan, ta kawo labarin, yaro kuma ya karɓe shi a takarda.

Saboda haka ga roƙona. Wakilanmu na Kiru da Bebeji, da na Doguwa da Tudun Wada, da 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, ranku ya daɗe, in za a yi aikin ilimi a firamare a fara da littafin karatu na Hausa ga kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, da fensir da littafin rubutu, a kuma sa shi a kasafi duk shekara don hedimasta ya daina tsoron rabawa. Na san littafi ba ya ɗaukar ido a hoto kamar na'ura, amma bayan shekara uku za ku iya shiga kowane ƙauye ku ce yaro ya karanta muku, ku ji sakamakon da kunnenku.

Kwamitocin SBMC da ƙungiyoyin iyaye da malamai, ku je ku ce a buɗe muku kabad ɗin makaranta ku ga abin da ke ciki. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, kuɗin da ake kashewa a taron karrama manya sau ɗaya zai buga littattafai masu yawa, kuma hutunku na zango ya isa ku zauna da ƙannenku awa ɗaya kullum. Masu makarantun kuɗi, in uba ya zo ku nuna masa yaron aji biyu yana karatu, ya fi hoton na'ura.

Iyaye kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban gilashin waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san dalilin da ya sa uwa ke miƙa wa yaro waya, aiki ya yi mata yawa, ga girki ga wanki, tana neman ya yi shiru. Ba zargi nake ba. Amma kar mu kira shi karatu. Ko ba ki iya boko ba, ki buɗe littafi mai hoto ki tambaye shi me ya gani, ki yi masa tatsuniya, ki sa yayarsa ta karanta muku ku duka.

Daga ƙarshe ga wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi yau da daddare. Ka samu takarda ka rubuta layi uku da Hausa mai sauƙi, misali labarin zuwa kasuwa, ka ba ɗanka ko ƙaninka da ke aji uku ya karanta, sannan ka yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. In ya iya, ka gode wa Allah ka gode wa malaminsa. In bai iya ba, gobe ka je makarantar ka tambayi ko yana da littafin karatu nasa na kansa. Abin da aka gaya maka ka zo ka rubuta mana a nan, da sunan garinku, mu tattara mu kai wa waɗanda abin ke hannunsu.

Malaman firamare da ke bibiyar shafin nan, ku ne a cikin ajin, ina son jin ta bakinku, ko da kun saɓa da ni. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.